Idan Garkuwar Jiki Ta Farfaɗo: Kuturta a Jikin Mai Ɗauke da HIV

A shekarun 1980, lokacin da ƙanjamau ya fara bazuwa a Afirka da Asiya da Kudancin Amurka, masana cutar kuturta sun shiga fargaba, kuma fargabar tana da dalili, domin ƙwayar da ke haddasa kuturta 'yar'uwa ce ta kusa ga wadda ke haddasa tarin fuka, ga shi kuwa kowa ya shaida irin ɓarnar da tarin fuka ke yi da zarar ya haɗu da HIV a jiki guda, har ya zama shi ne kan gaba wajen kashe masu ɗauke da ita. An yi zaton masu kuturta za su ninka a ƙasashen da HIV ta yi kamari, an yi zaton cutar za ta riƙa zuwa da siffarta mafi muni, an kuma ji tsoron kada magungunanta su daina ci. Shekaru suka shuɗe, babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ya tabbata yadda aka zata. Matsalar da ta ɓullo daga baya ta zo ne ta inda ba a sa ido ba, wato daga maganin da ke ceton ran mai HIV, a daidai watannin da jikinsa ya fara samun sauƙi.

Ƙwayar kuturta, wadda masana ke kira Mycobacterium leprae, likitan nan na ƙasar Norway Gerhard Armauer Hansen ne ya gano ta a birnin Bergen a 1873, kuma tana cikin ƙwayoyin cuta mafi jinkirin hayayyafa da aka sani, domin takan ɗauki kimanin mako biyu kafin ɗaya ta rabu ta zama biyu. Saboda wannan nawa, mutum kan yi kimanin shekara biyar ɗauke da ita kafin alama ta bayyana, wani lokaci ma har shekara ashirin, kuma kusan kashi 95 cikin ɗari na mutane jikinsu na kawar da ita ba tare da sun taɓa sanin ta shige su ba. Ta fi son sassan jiki masu ɗan sanyi, irin su fata da cikin hanci da jijiyoyin da ke kusa da fata, wato waɗanda ke ɗaukar saƙon ji da motsi tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi, ba na jini ba, inda take maƙalewa a cikin rigar da ta lulluɓe jijiyar. Abin lura shi ne ita kanta ƙwayar ba ta da dafi mai yawa, har ma akan sami miliyoyinta a jikin mutum yana harkokinsa. Kaso mai girma na nakasar da aka san kuturta da ita yana fitowa ne daga faɗan da garkuwar jiki ke yi da ƙwayar a cikin jijiya, da kuma raunukan da ke biyo baya idan hannu ko ƙafa suka daina jin zafi.

Shi ya sa kuturta ba ta da fuska ɗaya. A 1966 masana biyu, Ridley da Jopling, suka jera nau'o'inta bisa ƙarfin martanin jiki. A ƙarshe ɗaya akwai wanda garkuwarsa ta tashi tsaye, ta kewaye ƙwayar da wani ɗan dunƙule na fararen ƙwayoyin jini da ake kira giranuloma, don haka tabonsa kaɗan ne, mai tsayayyen baki, bushasshe, wanda ba ya jin taɓi, kuma da ƙyar ake samun ƙwayar cutar a cikinsa. A ɗaya ƙarshen akwai wanda garkuwarsa ta kau da kai daga wannan ƙwaya musamman, ta bar ta tana yaɗuwa, har fatar fuska da kunnuwa su yi kauri, gira ta zube. Tsakanin waɗannan biyu akwai matakai uku da ake kira na kan iyaka, inda mafi yawan majinyata suke, kuma su ne garkuwarsu ba ta tsaya wuri guda ba, tana iya yin sama ko ƙasa gwargwadon halin da jiki ke ciki.

Wannan rashin tsayawa shi ke haifar da abin da za a iya kira boren garkuwa, wato kumburi mai zuwa farat ɗaya a cikin cutar da aka saba ganin tana tafiya sannu. Boren iri biyu ne. Na farko yana faruwa ne idan garkuwar da ta yi sanyi ta farka ta far wa ƙwayar, ko gawarta ma, a duk inda ta same ta, sai tsofaffin tabban da suka yi shekaru a lafe su kumbura, su yi sheƙi da ɗumi, wasu sababbi su fito, hannu da ƙafa su yi suntum. A fata mai duhu ba lalle ne a ga jan da littattafai ke ambata ba, kumburin da sheƙin da zafin taɓi su ne suka fi fitowa fili. Haɗarin yana cikin jijiya, domin tana kwance ne cikin matsattsen kube, idan ta kumbura ba ta da wurin buɗawa, sai ta shaƙe. Ta gwiwar hannu idan ta kamu, ƙaramin yatsa da na kusa da shi sukan mutu su fara lanƙwashewa. Ta gefen gwiwar ƙafa kan sa ƙafa ta riƙa ja a ƙasa, silifa na zamewa mai shi bai sani ba. Ta fuska kuwa kan hana ido rufuwa, ya bushe, ƙura ta shiga, gani ya lalace. Duk wannan yana iya aukuwa cikin 'yan kwanaki, kuma kusan mutum ɗaya cikin uku na masu nau'in kan iyaka yakan gamu da shi. Lamarin ya yi kama da na mai gadin da ya farka daga barci ya tarar ɓarawo ya ɓuya a cikin rumbu, sai ya cinna wa rumbun wuta don ya kama shi.

Bore na biyu na masu ƙwayar cuta da yawa ne, kuma yana tasowa ne idan sinadaran kariya da ke yawo cikin jini suka manne da ɓurɓushin ƙwayar suka taru a ƙananan hanyoyin jini. Yana zuwa da zazzaɓi da kasala da ƙulle-ƙulle masu ciwo a ƙarƙashin fata, musamman a fuska da dantse da cinya, yana kuma iya taɓa ido da gaɓoɓi da 'ya'yan maraina, ya lafa ya dawo har tsawon shekaru.

HIV kuwa aikinta shi ne karya wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini da ake kira CD4, waɗanda su ne ke shirya sauran rundunar kariya su nuna mata inda za ta dosa. Lafiyayyen mutum yana da tsakanin 500 zuwa 1,500 daga cikinsu a kowace maikirolita ta jini, wato kashi ɗaya cikin dubu na mililita, kuma idan suka sauka ƙasa da 200 an shiga matakin ƙanjamau. Tun da waɗannan CD4 ɗin su ne ginshiƙin giranuloma, hankali zai ba da cewa mai HIV ba zai iya killace ƙwayar kuturta ba. Sai dai binciken da aka yi a gundumar Karonga ta arewacin Malawi, wanda aka wallafa a farkon shekarun 1990, bai ga alamar HIV tana ƙara haɗarin kamuwa da kuturta ba, kuma mafi yawan binciken da aka yi a wasu ƙasashe ya tafi a kan haka. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne wanda masu bincike a Rio de Janeiro suka gani da suka yanki ɗan guntun fata daga tabon masu cututtukan biyu suka duba a madubin likita: giranuloma tana nan da siffarta, da CD4 a cikinta, alhali a cikin jinin mutanen sun yi ƙaranci ƙwarai. A 2006 Andrew Ustianowski da Stephen Lawn da Diana Lockwood suka tattara waɗannan hujjoji a mujallar Lancet ta cututtuka masu yaɗuwa, suka bayyana alaƙar cututtukan biyu a matsayin abin da ya saɓa wa tsammani. Daga cikin dalilan da masana ke kawowa akwai jinkirin ƙwayar kuturta, domin kafin zuwan magani mai ƙanjamau kan rasu da tarin fuka ko wata cuta mai gaggawa tun kuturtar ba ta kai ga nuna kanta ba.

Daga 1996 aka fara haɗa magunguna uku don danne HIV, al'amarin da ya mayar da ita cutar da ake rayuwa da ita. Cikin makonni kaɗan da fara sha, yawan ƙwayar HIV a jini yakan faɗi warwas, CD4 su fara dawowa, amma ba da daɗewa ba likitoci suka lura cewa wasu majinyata sukan ƙara rikicewa a daidai wannan lokaci, saboda garkuwar da ta dawo ta tarar da cututtukan da suka yi kaka-gida a lokacin da ba ta nan, ta auka musu da ƙarfin da ya wuce kima. Wannan shi ne kumburin farfaɗowar garkuwa, wanda ake taƙaita sunansa da IRIS, kuma an fi saninsa da tarin fuka da wani nau'in sanƙarau da naman gwari ke jawowa. A 2003 Lawn da Lockwood da wani abokin aikinsu suka ba da rahoto daga Landan game da wani majinyaci da CD4 ɗinsa suka yi ƙasa sosai, wanda wata biyu bayan ya fara shan maganin HIV sai wasu kumburarrun tabbai suka fito masa a fuska, da aka bincika aka tarar kuturta ce ta kan iyaka tare da bore na farko. Wannan ne rahoton da ya buɗe ƙofa, wasu suka biyo baya daga Indiya da sauran wurare, amma mafi yawansu daga Birazil.

Ba abin mamaki ba ne Birazil ta zama cibiyar wannan ilimi, domin ita ce ta biyu a duniya wajen yawan sababbin masu kuturta, bayan Indiya, ita ce kuma ta kafa doka tun 1996 cewa a ba duk mai HIV magani kyauta, ga ta da tsofaffin cibiyoyin bincike irin su Fiocruz. Da Patrícia Deps ta Birazil da Lockwood suka bi diddigin rahotannin da aka wallafa, siffar lamarin ta fito sarai. Galibi yana faruwa ne cikin wata shida na farko da fara maganin HIV, ya fi kama waɗanda suka fara shan maganin CD4 ɗinsu na ƙasa ƙwarai, nau'in kuturtar yawanci na kan iyaka ne mai ƙarancin ƙwayar cuta, boren kuma na farko ne. Yana zuwa ta hanya biyu: ko dai mutumin bai taɓa sanin yana da kuturta ba sai maganin ya tona ta, ko kuma an riga an san yana da ita, yana ma shan maganinta, sai tabbansa da jijiyoyinsa su rikice bayan an ɗora shi a kan na HIV. An kuma lura cewa a wasu daga cikinsu tabon kan fashe ya zama gyambo, abin da ba a cika gani a bore na farko ga marasa HIV ba. Bore na biyu bai yawaita a waɗannan rahotanni ba, ko da yake wani bincike da aka yi a Habasha, wanda aka wallafa a 2000, ya nuna cewa masu HIV sun fi fuskantarsa, sun kuma fi samun bore na farko yana maimaituwa.

Masu aikin kuturta sun daɗe da sanin irin wannan tun kafin a san HIV, domin mace mai ciki garkuwarta kan ɗan lafa don kada ta cutar da abin da ke cikinta, idan ta haihu garkuwar ta dawo, sai a ga bore na farko ya taso mata a watannin jego. Haka kuma yakan taso a watannin farko na shan maganin kuturtar kanta, lokacin da ƙwayoyin cutar ke mutuwa da yawa. Don haka abin da maganin HIV ke yi tsohuwar ɗabi'ar cutar ce ta sami sabon mafari, kuma kuskure ne babba a ce maganin ne ya sa wa mutum kuturta, tun da ƙwayar ta shige shi ne shekaru kafin ya haɗiyi ƙwayar maganin HIV ta farko.

Wannan fahimta ce ke tsara yadda ake jinya. Ba a dakatar da maganin HIV saboda bore, domin dakatarwar tana mayar da mutum bakin mutuwa, tana kuma ba ƙwayar HIV damar bijire wa magani. Ba a kuma dakatar da na kuturta, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara tun 1981, ake kuma raba shi kyauta tun 1995, ya ƙunshi rifampicin da dapsone da clofazimine, a sha wata shida idan tabbai ba su wuce biyar ba, wata goma sha biyu idan sun wuce ko jijiya ta kamu. Mai HIV yana shan irin na kowa ne, tsawon lokacin kowa, kuma yana warkewa kamar kowa. Abin da ake ƙarawa shi ne prednisolone, maganin da ke kwantar da kumburi, wanda akan fara da miligiram 30 ko 40 a kullum ga babba, a riƙa ragewa sannu a hankali har kimanin mako 20. Wani bincike da ya kwatanta rukunoni biyu a Belém da ke yankin Amazon ya nuna cewa masu cututtukan biyu suna amsa wannan magani da kyau. Lokaci ne ke yanke hukunci a nan, domin jijiyar da ta lalace ƙasa da wata shida akwai kyakkyawan fatan ta dawo, wadda ta wuce haka kuwa da wuya magani ya tashe ta. A bore na biyu mai tsanani wasu ƙasashe, ciki har da Birazil, suna amfani da thalidomide ƙarƙashin tsauraran dokoki, saboda yana nakasa jariri a ciki.

Ba wa mai raunin garkuwa maganin da ke ƙara danne garkuwa abu ne da ke buƙatar natsuwa. Kafin a fara, wajibi ne a tabbatar babu tarin fuka a ɓoye, a ba da maganin tsutsar ciki domin akwai nau'in da ke bazuwa cikin jiki idan an sha prednisolone, a kuma sa ido kan sukari da hawan jini. Ba a yanke shi farat ɗaya, kuma a nan ne saye a kemis ba tare da likita ba yake cutarwa, domin mutum kan ji daɗi cikin kwana uku ya bari, boren ya dawo da ƙarfi. Akwai kuma batun haɗuwar magunguna. Rifampicin yana sa hanta ta yi saurin narkar da dolutegravir, wanda shi ne ƙashin bayan maganin HIV na yau, shi ya sa ake ninka shi ga mai tarin fuka da ke shan rifampicin kullum. Amma a kuturta sau ɗaya ake shan rifampicin a wata, don haka galibi ba a buƙatar canji. Dapsone yana iya fasa jajayen ƙwayoyin jini, musamman ga masu ƙarancin sinadarin G6PD, wanda ya yawaita a Afirka ta Yamma, kuma idan ya haɗu da zidovudine, tsohon maganin HIV da shi ma ke rage jini, dole a riƙa auna jinin majinyaci.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen ganewa. Mai HIV da ya fara magani yakan sami ƙuraje iri-iri, don haka idan tabo ya kumbura akan ɗauka maganin ne bai karɓe shi ba, ko makero ne, a rubuta masa man shafawa. HIV da kanta tana lalata jijiyoyin ƙafa, ta sa mutum jin kamar tafiyar kiyashi ko zafin barkono a tafin ƙafafunsa biyu, sai a jingina duk wata mutuwar ƙafa gare ta, alhali ta kuturta ba ta cika kama ɓangarorin biyu daidai ba, kuma akan ji jijiyar ta yi kauri idan aka lalube ta. Gwajin kuwa ba ya buƙatar na'ura. Ma'aikaci yakan murza ɗan auduga ya yi tsini, ya sa majinyaci ya rufe ido, ya taɓa lafiyayyar fata sannan ya taɓa tsakiyar tabon, ya ce ya nuna da yatsa inda ya ji. Yakan bi tafin hannu da na ƙafa da bakin biro a hankali. Yakan sa takarda tsakanin ƙaramin yatsa da na kusa da shi ya ja, ya ga ko za a iya riƙe ta. Ya sa a runtse ido ya duba ko ya rufu ruf. Ya kuma lalubi bayan gwiwar hannu ya ga ko mutumin zai zabura. Duka ba ya wuce 'yan mintuna, kuma dole a maimaita shi lokaci-lokaci, domin wani lokaci jijiya kan mutu shiru ba ciwo ba kumburin fata.

Batun ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye. Duniya na samun kimanin sababbin masu kuturta 200,000 a shekara, Najeriya kuma tana cikin ƙasashen da ke ba da rahoton fiye da dubu ɗaya kowace shekara, yayin da ƙidayar da aka yi a 2018 ta nuna kimanin mutum miliyan 1.9 na ɗauke da HIV a ƙasar. Yankin yana da tsofaffin cibiyoyi da suka ƙware a kan cutar, irin su cibiyar horarwa ta Saye a Zariya, da asibitin Yadakunya a Kano, da Amanawa a Sakkwato, da Danja kusa da Maraɗi a Nijar, kuma a Najeriya shiri ɗaya ne na gwamnati ke kula da tarin fuka da kuturta tare. Sai dai tun da aka ayyana cewa kuturta ta sauka ƙasa da mutum ɗaya cikin dubu goma, hankalin masu ba da kuɗi da na makarantun koyon aikin lafiya ya karkata daga kanta, har ya zama ma'aikaci matashi na iya shafe shekaru a ɗakin ba da maganin HIV bai taɓa laluben jijiyar kowa ba. A wannan ɗaki an saba tambayar majinyaci ko yana tari, ko yana rama, ko yana zufa da dare, kuma hakan daidai ne, amma ba kasafai ake ce masa ya ɗaga riga a duba bayansa ba.

Ga kuma nauyin ƙyama, wanda a nan ya ninku. Kowace daga cikin cututtukan biyu ta isa ta raba aure ko ta kashe kasuwar mai sana'a, saboda haka mai ɗauke da su duka yakan ɓoye wa ɗakin HIV katinsa na kuturta, ya ɓoye wa ɗakin kuturta katinsa na HIV, ko ya danganta tabon da sammu ya nufi mai magani, watanni shidan da jijiya ke da su suna ta ƙarewa. Gaskiyar da ya kamata ta isa kunnen iyali ita ce kuturta ba gado ba ce, tana warkewa sarai, kuma wanda ya fara shan magani ya daina yaɗa ta cikin ɗan lokaci kaɗan, har ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2018 a duba mutanen gidansa a ba su rifampicin sau ɗaya tak don rigakafi. Abin da ya rage aiki ne na tsari, kuma ba mai tsada ba ne: a duba fata da jijiyoyin duk wanda za a ɗora a kan maganin HIV a yankunan da kuturta ke nan, a sake dubawa a kowace ziyara cikin wata shida na farko, a yi wa sabon mai kuturta tayin gwajin HIV kamar yadda ake yi wa mai tarin fuka, sannan a gaya wa majinyaci tun ranar farko cewa idan tabo ya kumbura, ko yatsa ya mutu, ko ido ya ƙi rufuwa, ya dawo asibiti a wannan makon ba tare da ya daina shan ko ɗaya daga cikin magungunansa ba.